Sunanka da adadin shanunka a kwamfutar ma'aikatar noma: wa ke riƙe da amanar?

Ko kai makiyayi ne da ke shigowa da garke ta Cinkassé, ko ɗan kasuwa mai lodin masara da doya daga Sokodé zuwa Dapaong, ka san yanzu ba a raba ka da rajista. Likitan dabbobi zai rubuta sunanka, malamin gona na ICAT zai karɓi lambar wayarka, a bakin iyaka kuma a tambaye ka shanu nawa, daga ina, za ka ina. Tambayar da shirin wannan mako ya ɗauko ita ce: bayan ka juya baya, ina waɗannan bayanai suke zuwa, kuma wa za a kama in sun faɗa hannun da bai dace ba?

Mu fara da abin da ake rubutawa. A watan Oktoba na 1998 shugabannin CEDEAO suka amince a Abuja da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ta kawo takardar shaidar kiwo ta ƙasa da ƙasa. A cikinta akwai yawan garkenka, allurar rigakafin da aka yi musu, hanyar da za ka bi, iyakar da za ka ƙetare da inda za ka sauka. A ɓangaren noma kuwa, a 2016 Togo ta fito da shirin AgriPME, inda tallafin takin zamani ya riƙa shigowa wayar manomi ta Flooz ko T-Money. Ka ga ke nan an haɗa suna, lambar waya, gari da dukiya wuri guda.

Dattawa ba su manta zamanin jangali ba, lokacin da faɗin adadin shanu yake nufin biyan haraji. Shi ya sa har yau makiyayi yake nauyin baki in aka ce "nawa ne?" Tsoron yana da tushe, sai dai yau ya canza kama. Jerin da ke nuna wane yana da shanu kaza, zai bi burtali kaza a wata kaza, in ya fita daga ofis, ya zama taswira a hannun ɓarayin shanu. Jerin lambobin waɗanda za su karɓi tallafi kuma abinci ne ga 'yan damfara masu bugo waya su ce daga ma'aikata suke, a turo musu lambar sirri. A yankin Savanes, inda aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro tun watan Yuni na 2022, kuskuren suna ɗaya a takarda yana iya jawo wa mutum tambayoyin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

To amma ƙin yin rajista ba mafita ba ne. Da ƙidaya ake sanin allura nawa za a kawo gundumarku, da buhun taki nawa za a sauke. Wanda babu sunansa, babu rabonsa. Magana ita ce a karɓa, a kuma riƙe da amana.

Doka ta san da wannan. Togo tana da doka mai lamba 2019-014 ta ranar 29 ga Oktoba 2019 kan kare bayanan mutane, kuma ita ta kafa hukumar sa ido da ake kira IPDCP. Kafin nan CEDEAO ta yi nata tsarin a Fabrairun 2010, Tarayyar Afirka kuma ta yi yarjejeniyar Malabo a 2014, wadda ta fara aiki a 2023. Maƙwabta ma kowa da tasa: Ghana tun 2012, Nijar a 2017 da hukumarta HAPDP, Najeriya a 2023. Dokar ba ta tsaya kan kamfanoni kaɗai ba, ofisoshin gwamnati ma tana kansu.

Sai dai doka takarda ce, sai an samu mai ɗaukarta. A ma'aikatar da ta san abin da take yi, akwai jami'in da aka ɗora wa kula da bayanai, kamar yadda ake damƙa wa ma'aji makullin sito. Ga aikinsa a taƙaice.

Na farko, ya san abin da ke cikin sito: wane jeri ake da shi, a wace kwamfuta ko kabad, wa ya tattara, don me. Na biyu, ya hana karɓar abin da ba a buƙata. Allurar ciwon huhun shanu tana buƙatar adadin dabbobi da wurin da suke, ba ta buƙatar jam'iyyarka ko yawan kuɗin da ke wayarka. Na uku, ya raba makullai: ma'aikacin Tchaoudjo ba shi da dalilin buɗe jerin makiyayan Tône, kuma kowa ya shiga da kalmar sirrinsa, domin in an yi ɓarna a gane sawun wa. Na huɗu, in ma'aikata ta ɗauki kamfani ko ƙungiyar agaji aiki, ya sa a rubuta a yarjejeniya abin da za su gani da ranar da za su goge shi. Na biyar, ya horar da ƙananan ma'aikata, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sau da yawa tsagar ba ta wuce hoton takarda da aka tura a WhatsApp, ko wayar aiki da aka manta a tasha ba.

Abu mafi wuya a aikinsa shi ne ya iya cewa "a'a" ga na sama da shi, in aka nemi a yi amfani da jerin wani aiki a wani aikin daban. Ku tuna da Novissi, tallafin kuɗi ta waya da aka fara a Afrilun 2020 lokacin korona. Da katin zaɓe aka yi rajista, daga baya kuma aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam da yanayin amfani da waya wajen gano mabuƙata a karkara. Mutane da yawa sun amfana. Amma ya nuna mana cewa abin da ka bayar a ƙofa ɗaya yana iya fitowa ta wata ƙofar, don haka dole a samu mai tsayawa ya tambaya: da izinin wa, kuma bisa wace doka?

Kai ma kana da haƙƙi. Doka ta ba ka damar sanin wanda ke karɓar bayananka da dalilinsa, ka nemi ganin abin da aka rubuta a kanka, ka sa a gyara in akwai kuskure. In ofis ya ƙi saurarenka, kana iya kai ƙara IPDCP.

Saboda haka in mai rajista ya zo ruga ko kara, ka karɓe shi da mutunci, sannan ka nemi ganin katin aikinsa. Ka tambaye shi: wace ma'aikata ta aiko ka, me za a yi da wannan, wa zai gani? Ka sa a karanta maka abin da aka rubuta kafin ka dangwala yatsa. Kada ka bar katin shaidarka ya kwana a hannun dillali. Lambar sirrin wayarka kuwa, babu ma'aikacin gaskiya da zai nema.

Ardo, sarkin zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ku ma jerin sunayen da ke hannunku amana ce. Idan za ku miƙa shi ga wani ofis, ku nemi sunan jami'in da ke kula da bayanai a can, ku rubuta ranar da kuka bayar da wanda ya karɓa. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, sai mun haɗu a shiri na gaba.