Siririn Rufin Da Ke Sa Fuskar Waya Jin Taɓawa

Idan ka ɗora yatsa a fuskar waya ta amsa, ba gilashin ne ya ji ka ba, domin lantarki ba ya ratsa gilashi. A wayoyi da yawa, mai wannan aiki wani siririn rufi ne da ke ƙarƙashin gilashin saman, ana kiran sa ITO. Haɗi ne na ƙarfen indiyom da kuza da iskar oksijin. Yana ɗaukar lantarki, kuma haske na ratsa shi, shi ya sa ido ba ya ganin sa.

Kaurinsa kan tsaya a kusan nanomita 100, wani lokaci ma ƙasa da haka. Silin gashi ɗaya ya ninka shi kauri sau ɗaruruwa.

Ba shafa shi ake yi kamar fenti ba. Ana wanke gilashin tas, domin ƙwayar ƙura ɗaya na iya barin huda. Sai a sa shi cikin wani akwatin ƙarfe, a zuƙe iskar ciki, a zuba ɗan iskar argon, a ba ta lantarki mai ƙarfi. Ƙwayoyin argon ɗin sai su dinga dukan farantin ITO, suna ɓantaro ƙwayoyin zarra waɗanda ke sauka a kan gilashin, har rufin ya haɗu. Daga nan a zana layuka da haske, asid ya cinye sauran. Idan yatsa ya kusanci mahaɗar layukan, cajin wurin ya sauya, wayar ta gane inda ka taɓa.

Matsalar ITO biyu ce. Yana tsagewa idan an lanƙwasa shi, don haka masu ƙera wayoyin da ake naɗewa suka karkata ga ragar siraran wayoyin ƙarfe. Sannan indiyom, wanda aka gano a Jamus a 1863, ba shi da mahaƙa tasa. Wajen tace zinc ake samun sa. Sin ce kan gaba wajen samar da shi, kuma a Fabrairun 2025 ta sa wasu kayayyakinsa cikin waɗanda sai da lasisi ake fitarwa.

Saboda haka idan wayarka ta faɗi ta tsage amma tana amsawa, gilashin sama ne kawai ya fashe. Idan kuwa wani sashe ya daina jin yatsa, da alama layukan ne suka katse, kuma mai gyara ba ya iya ɗinke su, sai dai a sauya sikirin.