Bayani A Kan Faɗuwar Gaba Da Abin Da Goro Da Ƙwaya Ke Yi Mata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka:

Ku sani, ya 'yan'uwa, faɗuwar gaba tana da ruwanta a cikin jini. Mutanen Kurfi da Dutsin-Ma ba su bukatar a kwatanta musu ita, gama tun wajen 2019 sun sha kwana da kunne a buɗe saboda 'yan bindiga. Nufinmu mu faɗi inda ruwan nan ke ɓuɓɓugowa, da yadda abin da mutum ya haɗiya ke juya shi.

Tsarinsa irin na sarauta ne. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da bai fi ɗan dabino ba, shi ne sarki. In tsoro ya zo sai ya tura manzo ga wani ƙullutu mai girman ƙwayar wake da ke rataye ƙarƙashinsa, watau hakimi. Hakimi ya sako nasa manzon cikin jini har zuwa wasu 'yan huluna biyu da ke bisa ƙoda, su ne dagatai. Su ke zubo ruwan da likitoci ke kira kotisol, wanda ke ƙara sukari cikin jini, ya riƙe bugunsa da ƙarfi, domin mutum ya sami halin gudu ko faɗa. Ɗan'uwansa adirenalin shi ba ya jiran wannan doguwar hanya, ta jijiya ake kiransa nan take, shi ya sa zuciya ke dukan uku-uku tun mutum bai gane ƙarar me ya ji ba. Manzon farko kuwa sai a 1981 masana suka ware shi a Amurka, bayan sun tace ƙwaƙwalwar tumaki dubu ɗaruruwa.

Kotisol ba abokin gaba ba ne. Yakan yawaita da sassafe ya tashe mu, ya ragu da tsakar dare. Sai in an hana shi sauka wata da watanni ne yake jawo hawan jini da rashin barci.

To, sarkin nan yana da fadawa, su ne ruwayen da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke magana da juna da su. Akwai masu zuga shi, kamar noradirenalin da sirotonin. Akwai masu ba shi haƙuri, kamar wanda ake kira GABA, da wani mai kashe zafi da jiki ke yi da kansa. Duk abin da ke juya hankali, rigar ɗayan fadawan nan yake ara ya shiga fada.

Goro da shayi kafeyin ke cikinsu. Shi yakan tare ƙofa ga bafaden da ke kawo labarin gajiya, sai kotisol ya ɗan tashi, ido ya bushe. Ni ban ga laifin goro ba, kakanninmu sun yi ta ɗauko shi daga Gwanja, an kuwa yi tilawar dare da shi. Amma wajen rabin kafeyin yana nan cikin jini bayan sa'a 5, saboda haka mai hawan jini ya yi hattara da goron bayan Magariba. Taba ma haka take zuga.

Babbar magana tana ga kodin da tiramol da baliyam. Su rigar masu ba da haƙuri suke sawa, su toshe bakin sarki. Saurayin da ya sha sai ya ji fargaba ta kau, ya yi noma ko acaɓa wuni cur. Ashe bashi ya ci. Ƙwaƙwalwa da ta ga an danne ta kullum sai ta ƙara masu zuga. Ran da ƙwaya ta yanke, ga fada cike da 'yan zuga, ba mai cewa a yi haƙuri: gumi, makyarkyata, ciwon gaɓoɓi, tsoron da ya ninka na farko. Tiramol kuma baki biyu gare shi, yana dannewa yana kuma tara sirotonin, shi ya sa mai yawan shansa kan faɗi kamar mai farfaɗiya. Wani ma in ya daɗe, hulunan ƙodarsa kan yi sanyi, ya zama kullum a gajiye, jiri na ɗibarsa.

Abin ba kaɗan ba ne. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2017 mutum fiye da miliyan 14 sun sha kayan maye a Nijeriya. A 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin.

A nan nake roƙon 'yan'uwana malamai, gama wurinmu iyaye kan fara kawo yaro. Mari da bulala tsoro suke ƙarawa, tsoro kuwa shi ne ganga da ke kiran ruwan nan. Mun ga yadda hukuma ta rufe gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina a 2019. Wanda ya saba da baliyam, in aka yanke masa dare ɗaya, jijjiga na iya kama shi har ta halaka shi. Likita kan rage masa ne kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, har fadawan su koma mazauninsu. A yi masa addu'a da nasiha a tsangaya, a kuma kai shi asibiti. Haza wassalam.