Kurkum da Ciwon Kumburin Hanji: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Idan kana noman kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, ka san cewa masu saye da yawa don magani suke nemansa. Sinadarin da suke bi shi ne kurkumin, wanda ke ba saiwar launin rawaya. Kamfanoni na tace shi su zuba cikin kafso.

Akwai ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa bangon babban hanji, ya kumbura ya yi gyambo, mai shi ya riƙa zawo da jini. Ya lafa, ya sake tashi, shekara da shekaru. A ɗakin bincike an ga kurkumin na rage sinadaran da garkuwar jiki ke fitarwa don hura wannan kumburi. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2006, likitoci a Japan sun gwada shi kan majinyata 89. Wasu aka ba su giram 2 kullum har wata 6, wasu aka ba su ƙwayar da ba komai ciki. Ciwon ya dawo wa kimanin kashi 5 cikin 100 na rukunin farko, amma a na biyu ya kai kashi 20. Sai dai ka lura: dukansu suna shan maganin asibiti, kurkumin ƙari ne kawai.

Garin da kake niƙawa kuma ba kafso ba ne. Kurkumin da ke cikinsa kusan kashi 3 ne cikin 100, wato sai mutum ya ci giram 65 ko fiye kullum kafin ya sami giram 2, ga shi hanji ba ya tsotsarsa sosai. Shi ya sa ake haɗa kafson da sinadarin masoro. Irin wannan haɗin mai ƙarfi ne aka danganta da ciwon hanta a wasu mutane a Italiya a 2019. Don haka, a ganina, kada ka ce wa mai saye garinka zai warkar da shi, balle ya ajiye maganin likita.

Naka aikin shi ne inganci. Tono bayan wata 8 zuwa 9, lokacin da ganye ya bushe. Tafasa saiwar kimanin minti 45, ka shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a gefen titi ba, har ta ƙame. Kada ka ƙara mata launi: a Bangaladash an gano a 2019 cewa rinin rawayar da wasu ke zubawa na ɗauke da gubar dalma.