Mudun Auna Na'ura: Me Ke Faruwa Idan Aka Ɗora Android a Kan Kwamfutar Wasa?

Duk wanda ya san kasuwannin hatsi na Dandume da Bakori da Funtuwa a lokacin kaka ya san cewa ba a cinikin masara da baki kawai. Sai an kawo tiya an auna. Amma kuma tiya kanta ba ta raba gardama sai an san irinta: ta wace kasuwa ce, an cika ta har ta yi tozo ko an shafe bakinta, kuma ba a bubbuga gindinta don a rage mata ciki ba? Masu sayen wayar hannu da kwamfuta su ma suna da irin tasu tiyar. Wasu manhajoji ne da ake sa wa na'ura su ba ta aiki mai wuya, su ƙidaya lokacin da ta ɗauka, sannan su fitar da maki. Mai shago yakan nuna wa mai saye wannan maki don ya gamsar da shi. To, me makin yake nufi? Akwai wani gwaji da masu sha'awar kimiyyar kwamfuta suka daɗe suna yi wanda ke ba da amsa mai gamsarwa, wato a ɗauki babbar manhajar wayar hannu a ɗora ta a kan ƙatuwar kwamfutar da aka ƙera don wasanni, sannan a auna.

Iri da gona

Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa kashi biyu ce: ƙarafan da ake iya taɓawa, da manhajar da ke ba su umarni. Babbar manhaja ita ce uwar sauran, domin ita ke raba aiki tsakanin sassan na'ura. Wadda ke cikin akasarin wayoyin da ake gani a hannun jama'a, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung, ita ce Android. Kamfanin Google ya sayi ƙaramin kamfanin da ya fara ta a 2005, wayar farko mai ɗauke da ita kuma ta fito a 2008. An gina ta ne a kan Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finland a 1991, kuma tushenta a buɗe yake ga duk mai son ya ɗauka ya gyara.

Ana iya kwatanta manhaja da iri, ƙarafa kuma da gona. Manoman wannan yanki ba baƙi ba ne ga gwajin iri. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ta fitar da irin audugar da ake kira SAMCOT da na masara SAMMAZ. Haka nan Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka soma a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya, ya kai gonakin gwaji har cikin ƙauyuka. Abin da aka koya a nan shi ne, yawan amfanin da aka girbe ba na iri ba ne shi kaɗai. Na iri ne da ƙasa da ruwa da taki gaba ɗaya. Irin da ya yi albarka a jar ƙasar Malumfashi yana iya kasawa a jigawar Daura. Ɗora Android a kan kwamfutar wasa daidai yake da ɗaukar irin da aka saba shukawa a ɗan ƙaramin lambu a kai shi babbar fadama.

Bambancin gonakin biyu

Ƙwaƙwalwar lissafi ta waya, wadda ake kira furosesa, kusan kullum ƙirar ARM ce, wadda aka fara yi a Kambirij ta Ingila a 1985. An fifita ta ne saboda ƙarancin cin wuta. Ta kwamfutar tebur kuwa, ko ta Intel ce ko ta AMD, tana bin tsarin x86 wanda ya samo asali daga furosesar Intel 8086 ta 1978. Waɗannan biyu harshensu daban ne. Umarnin da aka rubuta wa ɗaya, ɗayar ba ta fahimtarsa.

Bambanci na biyu shi ne wuta. Furosesar waya tana aiki da 'yan wat kaɗan, kuma ba ta da fanka. Katin hoto na kwamfutar wasa, wato sashen da ke zana abin da ake gani a allo, shi kaɗai yana iya cin ɗaruruwa. Alal misali, katin GeForce RTX 4090 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2022, an ƙayyade masa wat 450. Batirin waya mai lamba 5000 yana riƙe da kimanin wat 19 na tsawon awa guda. Ɗalibi ya raba 19 da 450 ya ninka da minti 60, zai ga cewa wannan kati zai shanye batirin cikin kimanin minti biyu da rabi.

Da wannan lissafi, sai mutum ya zaci cewa Android za ta tashi sama idan ta sami irin wannan gona. Abin da ake gani bai cika zama haka ba.

Hanyoyin ɗorawa

A 2009 ne Chih-Wei Huang da Yi Sun suka fara shirin Android-x86, wanda ya juya Android zuwa harshen kwamfutar tebur don a girka ta kai tsaye kamar yadda ake girka Windows. Daga gare shi aka sami rassa, kamar Remix OS da ta fito a 2016 aka dakatar da ita a 2017, da kuma Bliss OS. Hanya ta biyu ita ce ta kwaikwayo: manhajoji irin su BlueStacks da GameLoop suna gina waya ta ƙarya a cikin Windows, Android ta zauna a ciki kamar 'yar haya. Kamfanin Microsoft ma ya buɗe irin wannan ƙofa a Windows 11 a 2021, ya rufe ta a watan Maris na 2025. A wannan shekarar ce kuma Google ya tabbatar da shirinsa na haɗe ChromeOS da Android domin kwamfutoci. Ke nan tambayar ba ta wasan yara ba ce, kuma kowace hanya daga cikin waɗannan tana ba da maki daban a kan na'ura ɗaya.

Wurare uku da ƙarfi ke zurarewa

Na farko shi ne tafinta. Da yawa daga cikin wasannin waya an rubuta sassansu masu nauyi da harshen ARM kawai. Kafin su yi aiki a kan x86 sai an sa wata manhaja, kamar Houdini ta kamfanin Intel, ta riƙa fassara umarni yayin da wasa ke gudana. Fassara tana cin lokaci, wani lokaci ma wasan ya ƙi buɗewa sam. Abin lura a nan shi ne, wasu manhajojin awo, irin su Geekbench, suna da nau'in da ke jin harshen x86, don haka ba sa bi ta hannun tafinta. Sakamakon haka sai a ga maki ya yi sama ƙwarai, amma wasa yana tafiya yana tsayawa. Makin bai yi ƙarya ba. Abin da ya auna ne ba shi mai wasa yake bukata ba.

Na biyu shi ne direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa babbar manhaja da kowane sashe na ƙarafa. Android-x86 da danginta sun dogara ne ga direbobin hoto na jama'a da ake kira Mesa, waɗanda suka fi dacewa da kayan Intel da AMD. Katunan Nvidia, musamman sababbi, sukan rasa direban kirki a wannan tsari. Idan haka ta faru, sai Android ta mayar da aikin zane kan furosesa, katin da aka saya da tsada kuwa yana zaune ba ya komai, kamar tarakta a gona babu mai tuƙa ta. Shi ya sa tsohuwar kwamfutar ofis mai sashen hoto na Intel takan riƙe Android lami lafiya, alhali ƙatuwar kwamfutar wasa tana tangal-tangal.

Na uku shi ne iyaka. Motsi a allo jerin hotuna ne masu sauyawa da sauri. Allon da ke sauya hoto sau 60 a sakan ba zai nuna fiye da 60 ba, ko da katin zai iya zana 300. Wasannin waya da yawa su ma an yanka musu iyaka don kada su ƙona batiri. Ƙarfin da ya haura wannan iyaka ba ya bayyana ga ido.

Inda babbar na'ura ta yi fice

Duk da haka, akwai fagen da kwamfutar wasa ke yin zarra, wato juriya. Waya idan ta ɗauki zafi sai ta rage gudun furosesarta da kanta don kada ta lalace. Gajeren gwaji ba ya nuna wannan. A gwajin Geekbench na cibiya ɗaya, wato sashe guda daga cikin sassan furosesa, manyan wayoyin da suka fito daga 2024 suna haura makin kwamfutocin tebur na 'yan shekarun baya. Amma masu iya magana sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Manhajar 3DMark tana da wani gwaji mai maimaita aiki ɗaya sau 20 a jere, kimanin minti 20, sannan ta kwatanta zagaye mafi rauni da mafi ƙarfi. A nan waya takan faɗi sosai, ita kuwa kwamfuta mai fankoki takan tsaya kusan inda ta fara. Wannan batu ya shafi mazauna kudancin Katsina kai tsaye, domin a watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35. Makin da aka ɗauka a ɗaki mai sanyi a wata ƙasa ba shi waya za ta bayar ba a cikin rumfar kwano a Malumfashi.

Tauye mudu

Ita ma tiyar na'ura tana da ire-ire. Geekbench 5 ta 2019 ta ɗauki furosesar Intel Core i3-8100 a matsayin ma'auni, ta ba ta maki 1000. Geekbench 6 ta 2023 kuwa ta ɗauki Core i7-12700, ta ba ta 2500. Don haka wanda ya kwatanta makin wannan da na waccan ya haɗa tiyar kasuwanni biyu ne.

Akwai kuma algus. A 2013 mujallar intanet ta AnandTech ta nuna cewa wani nau'in wayar Galaxy S4 yana ƙara gudun sashen hotonsa daga megahaz 480 zuwa 532 idan ya gane cewa wasu manhajojin awo ne ke aiki. A 2018 kamfanin UL, mai 3DMark, ya cire wasu wayoyin Huawei, ciki har da P20 Pro, daga jerinsa saboda irin wannan dalili. A 2022 Geekbench ta cire Galaxy S22 da wasu magabatanta, bayan an gano wata manhaja da ke rage ƙarfin wasanni amma tana ƙyale manhajojin awo. Ashe na'ura ma tana iya gane ranar jarrabawa.

Gwaji ga ƙungiyar kimiyya ta makaranta

Masu binciken iri suna da ƙa'idoji uku: a sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, a maimaita gwaji, kuma a ajiye sanannen iri a gefe don kwatanci. Malami da ɗalibansa za su iya bin su da wayoyi uku ko huɗu. A girka manhajar awo iri ɗaya, mai lamba ɗaya, a kan dukkansu. A cika batiri, a rufe sauran manhajoji. A yi gwajin sau uku da sassafe, a bar waya ta huce tsakanin kowane gwaji, a fitar da matsakaici. A sake yi da azahar a cikin inuwa, kada a ajiye waya a rana domin zafi yana illa ga batiri. Daga nan a yi gwaji biyar a jere ba hutu. A ƙaddara na farko ya ba da 1000, na biyar ya ba da 700. Juriyar wannan waya kashi 70 cikin 100 ke nan. Idan makarantar tana da tsohuwar kwamfuta, ana iya tayar da Android-x86 daga filashi ba tare da an goge komai ba, a kwatanta. Sai dai a tuna cewa cikakken nau'inta na ƙarshe shi ne na 9, wanda ya fito a 2020, saboda haka ta dace da gwaji, ba da ajiye bayanan banki ba.

Amfanin wannan ya wuce aji. Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, iyaye da makarantu suke ta sayen na'urori, sau da yawa da kuɗin masara ko auduga ko waken suya na shekara guda. Wanda ke son kwamfutar koyon rubutu da gwajin tambayoyi ba ya bukatar katin hoto mai cin wat 450, balle a inda wutar lantarki take ta janareta ko ta hasken rana. Idan aka nuna wa mai saye maki, tambayoyi huɗu sun ishe shi: wace manhaja ce ta auna, lamba ta nawa ce, a wane yanayi aka auna, kuma aikin da aka auna shi ne wanda za a yi da na'urar? Idan babu amsa, ya nemi a buɗe masa ainihin manhajar da zai riƙa amfani da ita, ya bar ta tana aiki na minti 20, ya taɓa bayan na'urar ya ji zafinta. Gani ya kori ji.