Abin da ke sa mota tsalle a bakin gada, da yadda injiniyoyi ke magance shi

Duk direban da ya saba dakon kaya daga Arewa zuwa Kudu ya san girgizar da mota ke yi daidai inda kwalta ta haɗu da gada. Ga motar da ta ɗauko tumatir ko ƙwai, wannan ɗan tudu kan jawo asarar kaya da lalacewar ƙafafun mota, wani lokaci ma haɗari.

Tushen matsalar yana ƙarƙashin ƙasa. Gada tana tsaye ne a kan turakun kankare da aka kafa har suka tarar da ƙasa mai ƙarfi, saboda haka da wuya ta motsa. Ita kuwa hanyar da ke kaiwa gare ta, a kan cikon ƙasa aka shimfiɗa ta. Idan wurin fadama ne, nauyin cikon yakan riƙa matse ruwan da ke cikin laka sannu a hankali. Shekara da shekaru hanya na lotsawa, gada na nan inda take.

Dabarar injiniyoyi ita ce su sa ƙasar ta gama lotsawa kafin a zuba kwalta. Sukan jibga yashi fiye da kima, su bar shi watanni yana danne lakar. Don hanzarta aikin, ana cusa siraran magudanai na roba a tsaye cikin lakar, ruwa ya samu gajeriyar mafita. Inda lakar ta yi zurfi, akan kafa ginshiƙan yashi ko tsakuwa su tallafi cikon. Daga ƙarshe a shimfiɗa faffaɗan kankare mai rodi, bakinsa ɗaya a kan gada, ɗayan a kan ciko, domin sauran bambancin ya zama gangare mai sauƙi. Ana kuma gina magudanan ruwa, kada ruwan sama ya zaizaye cikon.

Irin wannan gyaran ƙasa aka yi a hanyoyin shiga Gadar Neja ta Biyu, mai tsawon kilomita 1.6 tsakanin Asaba da Onitsha, wadda kamfanin Julius Berger ya gina, aka ƙaddamar a watan Mayun 2023.

Sai dai duk waɗannan dabaru suna buƙatar lokaci. Idan aka matsa wa ɗan kwangila ya zuba kwalta kafin ƙasa ta zauna, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago: kuɗin faci da za a riƙa kashewa daga baitulmali kowace damina, da asarar 'yan kasuwa, su ne za su biyo baya.