Haɗa ƙaramar tankar yaƙi ta 1917 da yadda ake tsufar da ita

Ƙaramin samfurin tankar yaƙi yana zuwa ne a cikin kwali, gunduwa-gunduwa na roba manne a jikin wasu sanduna, tare da takardar zane mai nuna inda kowace gunduwa za ta zauna. Aikin mai haɗa shi kashi biyu ne. Na farko shi ne yankewa, gogewa da mannawa har siffar tankar ta fito. Na biyu, wanda ya fi cin lokaci kuma a nan ake gane gwani, shi ne tsufarwa: a sa wa sabuwar roba ƙura, laka, tsatsa da baƙin mai har ta yi kama da ƙarfen da ya sha wuya a fagen daga.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya a ƙasar Gobir. Bayan girbin gero da dawa, yaran Sabon Birni da Isa, kamar na sauran ƙasar Hausa, sukan fere ɓawon kara su soka shi a totuwa su tayar da mota, wasu kuma su buɗe gwangwanin madara su lanƙwasa, su yanko tayoyi daga tsohon silifas. Abin da ya raba wannan da samfurin kwali shi ne awo. Mai motar kara yana bin abin da idonsa ya gani ne. Shi kuwa samfurin, kowane sashe nasa an rage shi daga na ainihi da lissafi guda.

Kafin a taɓa gam, ya kamata a san abin da ake kwaikwaya. Ingila ce ta fara fitar da tanka fagen yaƙi, ranar 15 ga Satumba 1916, a Flers-Courcelette da ke yankin kogin Somme a Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Waccan ita ce Mark I, wadda William Tritton na kamfanin William Foster da ke garin Lincoln da Walter Wilson suka tsara. An yi ta ne don ta take waya mai ƙaya, ta ƙetare ramukan da sojoji ke fakewa a ciki, shi ya sa kacar da take tafiya a kai ta zagaye jikinta duka, gabanta kuma ya ɗaga sama. Mutum takwas ke cikinta tare da inji mai ƙarfin doki 105 a ɗaki guda, cikin zafi da hayaƙi, gudunta bai wuce kilomita 6 a awa ba. Akwai wadda ake kira namiji, mai igwa biyu a ɗakunan da suka turo ta gefe, akwai mace mai bindigogi masu sarrafa kansu kawai. A 1917 aka fito da Mark IV, aka ƙera 1,220, kuma ita ce ta yi suna a yaƙin Cambrai ranar 20 ga Nuwamba na shekarar. Tana cikin tankokin wancan yaƙi da masu wannan sana'a suka fi haɗawa, tare da Renault FT ta Faransa mai ɗaukar mutum biyu, wadda ta zo da hasumiyar bindiga mai juyawa.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1/35, wato a raba kowane tsawo gida 35. Mark IV mai kusan mita 8 takan dawo santimita 23, sojan da ke tsaye kusa da ita kuma santimita 5. Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da Mark IV a wannan ma'auni a 2014, Airfix na Ingila kuwa tun 1967 yake da Mark I a ma'aunin 1/76, wadda ke zama a tafin hannu. Akasari ta intanet ake yin odarsu daga waje, kuma da canjin kuɗi da kuɗin dako, ba abu ne mai araha ba.

Haɗawa tana farawa da wanke gunduwoyin da ruwan sabulu, don man da ya rage daga masana'anta yana hana fenti kamawa. Ba a karya gunduwa daga jikin sanda da hannu. Da ƙaramar filaya ko reza ake yankewa, a goge wurin da samfefa mai laushi. Ana gwada haɗa sassa biyu ba gam tukuna, a ga ko bakinsu ya zo daidai. Gam ɗin wannan aiki narka fuskar robar yake yi har sassan su zama ɗaya, saboda haka ɗigo kaɗan ya isa, kuma yatsan da ya taɓa wurin yana danye zai bar shaidarsa har abada. Jikin Mark IV faranti ne na ƙarfe da aka ɗinke da ɗaruruwan kan ƙusa, kuma mai gaggawar goge mahaɗa yakan share su bai sani ba. Kacar ita ce mai cin rai: a kwalaye da yawa kowace gaɓa daban take zuwa. Gara a bar ta a gefe, a yi mata fenti ita kaɗai, a ɗora daga baya. Sama da rufin akwai dogo biyu da wani ƙaton gungume na katako, wanda ake ɗaurewa a kaca idan tankar ta kafe a laka. Da fenti launin katako ake yin sa, ba launin jiki ba.

Fenti ba shi da rikici. Mark I na farko an yi musu dabbare-dabbare bisa tsarin mai zane Solomon J. Solomon, amma laka ta rufe komai, sai aka koma launin ƙasa-ƙasa bai ɗaya. A 1918 aka ƙara zanen fari, ja, fari a gaba, domin Jamusawa sun fara amfani da tankokin da suka ƙwace. Ana shafa fentin share fage, sannan na jiki a tsinke, shafi biyu ko uku, maimakon ɗaya mai kauri da zai cike kan ƙusoshin. A Sabon Birni lokacin hunturu ƙura takan sauka kan danyen fenti cikin ɗan lokaci, don haka a kife samfurin da kwano ko kwali har ya bushe. A bazara kuma kada a shanya shi a rana, roba lanƙwashewa take yi. Fetur ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan, cin robar yake yi.

Ƙa'idar tsufarwa ita ce kowane datti ya kasance da dalilinsa. Ana farawa da fentin mai baƙi-baƙi da aka tsinka sosai kamar ruwan shayi, a ɗiga shi a mahaɗar faranti da gindin ƙusoshi, ya kwarara da kansa, a goge abin da ya yi yawa. Wannan ke ba jikin zurfi. Sai a ɗauki buroshi a tsoma a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa a kan gefuna don su fito. Ɓantarewar fenti kuwa da ɗan guntun soso ake yin ta, a wuraren da takalmi da hannu ke yawan taɓawa: bakin ƙofofin gefe, murfin sama, da dogon da gungume ke gogawa. Inda ƙarfe ke cin ƙarfe, kamar tudun gaɓoɓin kaca, fensir na makaranta ya wadatar. A goga bakinsa a murza da yatsa, sai wurin ya yi ƙyallin ƙarfe.

Tsatsa ce ta fi yaudarar sabon shiga. Tankar da ke bakin aiki ba ta daɗe a duniya ba, watanni ne kawai tsakaninta da masana'anta, kuma ana shafe ta da giris kullum. Wurin da tsatsa ta dace shi ne salansa da bututun hayaƙi a kan rufi, inda zafi ke ƙone fenti, tare da ɗan garin gawayi a bakin bututun. Wanda yake son jan ƙarfe ko'ina, to ya kwaikwayi tankar da aka yasar, irin Deborah D51 da aka tono a ƙauyen Flesquières a 1998 bayan shekaru masu yawa a ƙasa. Zubar mai kuma a bayan tankar ya kamata ta fi yawa, don a Mark IV an mayar da tankin fetur waje, ta baya, tsakanin kacocin biyu.

Laka tana da nata ilimin, kuma a nan mazaunin bakin Gulbin Rima ya fi mai sayen garin launi a kwalba sa'a. Duk wanda ya ga motar da ta ratso fadama da damina ya san laka ba launi ɗaya ba ce: ta ƙasa danya ce mai duhu da sheƙi, ta sama ta bushe ta yi fari ta tsattsage. A tanka irin wannan, da yake kaca tana hawa har saman jiki, takan ɗauki laka ta zubo da ita ta gefe daga sama zuwa ƙasa, abin da ba a gani a tankokin zamani. Ana shanya ƙasar fadama, a daka, a tankaɗe ta da rariya mafi laushi, domin ƙwayar yashi guda a ma'aunin 1/35 tsakuwa ce. A kwaɓa ta da farin gam na kafinta da ɗan ruwa, a ɗora da tsohon buroshi, ɓangaren da ake son ya yi kamar danye a ɗiga masa ɗan fenti mai sheƙi. Launi ya bi wurin yaƙin: ƙasar Somme da Cambrai tana da alli, tana bushewa fari-fari, ta Flanders a Beljiyam kuwa yumɓu ce mai duhu. Akwai kuma tankoki takwas da Ingila ta yi amfani da su a yaƙin Gaza na biyu a Afrilu 1917, cikin rairayi. Waɗannan ƙura suke so ba laka ba, kuma ƙurar da ke kwanciya a kan taga da hunturu, idan an tara ta aka shafa da busasshen buroshi, ta dace da su sarai.

Wanda kwalin ya fi ƙarfin aljihunsa zai iya tayar da Mark IV daga kayan gida, kuma ta fi tankokin zamani sauƙi tunda kusan duk jikinta shimfiɗaɗɗun faranti ne. A zana gefenta a takarda bisa awon santimita 23 na tsawo da 7 na tsayi, a yanka a kwali mai tauri ko gwangwani. Kan ƙusa ana fitar da shi ta hanyar danna bakin ƙusa mara kaifi daga bayan gwangwanin, a jere, tazara ɗaya. Kaca kuma daga kwali mai gurɓi-gurɓi da aka ɓare fuskarsa ɗaya, bakin igwa daga bututun biro, gungume daga guntun icen ashana da aka manna ko ɗan reshe da aka fere. Gwangwani yana buƙatar a goge shi da samfefa kafin fenti ya kama, kwali kuwa a fara shafe shi da gam ɗin kafinta don kada ya sha ruwan lakar ya kumbura.