Hattara da Agogon da Ake Cewa Yana Auna Suga

A 'yan shekarun nan, kasuwanni da shafukan sada zumunta sun cika da tallan agogon hannu da zobe waɗanda ake cewa suna auna suga ba tare da an huda fata ba. Masu ciwon suga da suka gaji da tsire yatsa kullum su ne aka fi yi wa wannan romon baka.

Ba shakka akwai na'urorin da ake maƙalawa a jiki masu aiki na haƙiƙa. FreeStyle Libre na kamfanin Abbott ɗan faifai ne kamar kwabo, ana manna shi a bayan damtse har kwana 14. Yana da tsinke siriri da ke shiga ƙarƙashin fata, ya auna sugan da ke cikin ruwan jiki, ya aika sakamako zuwa waya. Ka ga ko shi sai da ya ratsa fata. Kuma tunda ba jini yake aunawa kai tsaye ba, idan suga yana hawa ko sauka da sauri, lambarsa kan yi jinkirin 'yan mintoci.

Agogon da ke zaune a kan fata kawai kuwa, labarinsa daban ne. A watan Fabrairun 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna suga da kansa ba. Haɗarin a fili yake: mutum ya ga lambar ƙarya, ya yi allurar insulin fiye da ƙima, suga ya faɗi, ya suma, wani lokaci har a rasa rai.

Matsalar lambar ƙarya ba ta tsaya kan auna suga kawai ba, akwai kuma abin da ya shafe mu masu baƙar fata. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin da haske take aiki. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa takan kasa nuna ƙarancin iskar a jikin baƙaƙe kusan ninki uku fiye da fararen fata. Saboda haka mai fama da sarƙewar numfashi ya nufi asibiti, ko da lambar ta nuna lafiya lau.

Don Allah kada kowa ya ƙara ko ya rage magani saboda abin da agogo ya nuna masa. A riƙa tabbatarwa da gwajin jinin yatsa, a kuma nuna wa likita kowace na'ura kafin a dogara da ita.